Eyrarbakki: Bunƙasa da Koma-bayan Wani Garin Fatauci a Gaɓar Kudancin Ayislan

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Eyrarbakki, ƙaramin gari a gaɓar kudancin Ayislan, wanda ya shafe ƙarnuka yana zaman babbar kasuwar manoman yankin kafin ya koma ƙauye mai mutane 500 zuwa 600. Manufar ita ce a bayyana yadda wurin da ba shi da tashar jiragen ruwa ta kirki ya zama cibiyar fatauci, da kuma dalilin da ya sa ya rasa wannan matsayi a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ke haɓaka. An nuna cewa abubuwa biyu ne suka riƙe garin, wato dokar ciniki ta masarautar Danmak da kuma kogi da tsaunin da suka datse hanyar zuwa Reykjavík. Da aka sassauta dokar, aka kuma gina gada, sai kasuwar ta tashi.

1.0 Gabatarwa

Akan ɗauka cewa garin fatauci yana tsirowa ne a inda yanayin ƙasa ya sauƙaƙa ciniki, kamar mahaɗar hanyoyi ko bakin teku mai zurfi. Tarihin Eyrarbakki bai bi wannan tsari ba. Garin yana kimanin kilomita 60 daga Reykjavík ta hanyar mota, a gaɓar da matuƙan jirage suka daɗe suna tsoro. Duk da haka, a ƙarshen ƙarni na 19 kantinsa yana cikin mafiya girma a Ayislan, kuma manoma kan yi tafiyar kwanaki da ayarin dawaki domin su sayar da ulu a can. Maƙalar ta fara da yanayin wurin, sannan ta duba zamanin babakeren ciniki na 1602 zuwa 1787, da shekarun bunƙasa a ƙarni na 19, da musabbabin koma-bayan da ya biyo baya.

2.0 Yanayin Wuri da Tarihin Farko

Kudancin Ayislan shi ne filin noma da kiwo mafi faɗi a tsibirin, amma gaɓarsa rairayi ne miƙaƙƙe na ɗaruruwan kilomita, inda igiyar Tekun Atilantika ke dukan ƙasa kai tsaye ba tare da wani lungu da jirgi zai fake ba. Abin da ya bambanta Eyrarbakki ya samo asali ne daga aman wuta. Kimanin shekaru 8,600 da suka wuce, narkakken dutse ya kwararo daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100, ya daskare a bakin teku. Gefensa ne ya zama jerin duwatsun da ke cikin ruwa a gaban Eyrarbakki da maƙwabciyarta Stokkseyri. Waɗannan duwatsu suna karya ƙarfin igiya, suna barin 'yan kwarurruka a bayansu inda jirgi mai filafilai zai iya tsayawa a lokacin bazara. Shiga wurin na buƙatar sanin hanya da kwanciyar iska, kuma jirage da dama sun farfashe a kan duwatsun da ake neman mafaka a bayansu. Wanda ya shiga lafiya sai a ɗaure shi, a riƙa kwaso kayansa da kwalekwale.

Garin yana tsakanin bakin koguna biyu. A yamma akwai Ölfusá, kogin da ya fi kowanne yawan ruwa a Ayislan, a gabas kuma akwai Thjórsá, wanda ya fi kowanne tsawo. Manomin da ya nufi Reykjavík daga wannan yanki tilas ya biya kuɗin fito a Ölfusá, dawakinsa su yi iyo, sannan ya hau tsaunin Hellisheidi, wanda ƙanƙara da hazo kan rufe. Saboda haka tasha mai haɗari da ke kusa ta fi masa tasha mai kyau da ke bayan kogi da tsauni.

Tun zamanin da 'yan Norwe suka zauna a tsibirin, a ƙarni na 9 da na 10, ake ambaton wannan gaɓa da sunan Eyrar a matsayin masaukin jirage. Tsoffin labaran Ayislan sun ce daga nan ne Bjarni Herjólfsson ya tashi a wajen shekarar 986 domin ya bi mahaifinsa zuwa Girinlan, iska ta ɓatar da shi har ya hango gaɓar da ake kyautata zaton ta Arewacin Amurka ce. Da aka kafa kujerar bishop a Skálholt a 1056, Eyrar ta zama ƙofar wannan cibiya ta addini da ilimi zuwa ƙasashen waje. Sai dai a duk waɗannan ƙarnuka babu gari a wurin. Kasuwar bazara ce kawai, ta ci idan jirgi ya zo, ta watse idan ya tafi.

3.0 Zamanin Babakeren Ciniki, 1602 zuwa 1787

Ayislan ta shiga ƙarƙashin sarkin Norwe a 1262, sannan ta koma hannun sarkin Danmak tare da Norwe a 1380. A ƙarni na 15 da na 16 fataken Ingila da na Jamus ne suka mamaye cinikin busasshen kifinta, irin wanda har yau Nijeriya ke cikin manyan masu saye. A 1602 Sarki Christian na IV ya haramta wa baƙi wannan ciniki, ya miƙa shi ga attajiran biranen Kopenhagen da Helsingør da Malmö. An ƙayyade tashoshi ashirin da 'yan kai da aka yarda a yi ciniki a cikinsu, Eyrarbakki kuwa ita ce ta babban yankin kudu. Yankin da take yi wa hidima ya miƙa gabas mai nisa, har zuwa gundumar Skaftafell da ke gindin tsaunukan ƙanƙara na Vatnajökull.

Tsarin yana da ginshiƙai uku. Na farko shi ne farashin da hukuma ta yanke, wanda akan daɗe ba a sauya ba. An fitar da jadawalinsa a 1619 da 1684 da 1702 da 1776. Na biyu shi ne musaya maimakon tsabar kuɗi. Mutanen Ayislan suna da tsohon ma'aunin daraja, inda saniya ɗaya take daidai da tumaki 6 masu 'ya'ya, ko kamu 120 na saƙin ulu, ko kifi 240. Manomi kan kawo ulu da safa saƙaƙƙu da kitse da nama da busasshen kifi, ya karɓi garin hatsi da katako da ƙarfe da igiyar kamun kifi da taba da barasa, a rubuta ragowar a littafi. Na uku shi ne ɗaure mai saye ga tasha guda. Daga 1684 zuwa 1732 laifi ne mutum ya yi ciniki a wajen gundumarsa. Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan ita ce ta Hólmfastur Gudmundsson, wani talaka da aka yi wa bulala a 1699 saboda ya sayar da 'yan kifaye a Keflavík alhali tasharsa Hafnarfjördur ce, kuma kifayen ma attajirin tasharsa ya riga ya ƙi karɓarsu.

Irin wannan doka ta ba Eyrarbakki masu saye na dindindin, amma ba ta ba ta mazauna ba, domin akwai wata dokar da ta girme ta. Hukuncin da aka yanke a 1490, wanda ake kira Píningsdómur, ya hana baƙin fatake yin hunturu a ƙasar, ya kuma hana marasa dukiya kafa gidaje a bakin teku don rayuwa da kamun kifi. Wanda ba shi da gona dole ya zama bara a gonar wani, bisa yarjejeniyar shekara-shekara. Masu filaye ne suka amfana, domin suna samun ma'aikata cikin rahusa a lokacin yankan ciyawa, sannan su tura su kamun kifi da hunturu, abin da aka kamo kuma na ubangida ne. Ƙidayar 1703 ta nuna mutane 50,358 a duk tsibirin, ba tare da ko gari ɗaya ba. Reykjavík kanta mutum 167 ne a cikinta a 1786.

Masana tarihi sun saɓa a kan wanda ya kamata a ɗora wa alhakin wannan tsaiko. Jón J. Adils, a littafinsa na 1919, ya bi ra'ayin 'yan kishin ƙasa, ya ɗora laifin a kan attajiran Danmak da kayansu marasa kyau, irin ruɓaɓɓen garin da aka kawo a 1768. Gísli Gunnarsson kuwa, a nazarinsa na 1983, ya nuna cewa jadawalin farashi ya karya darajar kifi ƙasa da yadda ake sayensa a Turai, ya ɗaga darajar kayan gona, don haka manyan masu filaye na cikin gida suna da hannu a ɗorewar tsarin. Bayani na biyu ya fi haska halin Eyrarbakki. Kasuwar ta wanzu ne domin ta yi wa gonaki hidima, kuma masu gonakin ba su da wata bukata ta ganin ta zama gari mai janye musu barori.

4.0 Daga Rumfunan Bazara zuwa Gari

Canji ya soma a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, lokacin da aka fara barin wakilan kamfani su zauna duk shekara. A 1765 aka kawo katakon gida daga waje, aka harhaɗa shi a Eyrarbakki domin wakilin kamfanin. A ƙasar da kusan kowa ke kwana a ɗakin dutse da ƙasa mai rufin ciyawa, wannan gini ya yi fice har mutane suka riƙa kiransa Húsid, ma'ana Gidan, kuma sunan ya bi shi har yau. Yana cikin tsoffin gine-ginen da suka rage a Ayislan.

Bala'i ne ya ƙarasa rushe babakeren. A watan Yunin 1783 dutsen Laki ya fara aman wuta, ya yi watanni takwas yana fitar da hayaƙi mai guba wanda ya lalata makiyaya. Mafi yawan tumakin ƙasar da kimanin rabin shanunta suka mutu, yunwar da ta biyo baya kuma ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a. A 1784 girgizar ƙasa ta rusa gine-gine a kudu, har da na Skálholt, abin da ya sa aka yanke shawarar mayar da kujerar bishop da makarantarta Reykjavík. A 1787 aka buɗe cinikin ga duk talakawan sarkin Danmak. Shekara guda kafin haka an ba wurare shida matsayin garin kasuwa a hukumance, wato Reykjavík da Grundarfjördur da Ísafjördur da Akureyri da Eskifjördur da Vestmannaeyjar. Eyrarbakki ba ta cikinsu. Wato tun a lokacin hukuma ta fara karkata zuwa wuraren da jirgi ke iya tsayawa cikin aminci, kuma kudu ya rasa Skálholt, cibiyar da ta daɗe tana ba tashar daraja.

Teku ma bai ƙyale garin ba. A daren 9 ga Janairun 1799 wata gagarumar ambaliya ta share tashar ciniki ta Básendar da ke Reykjanes baki ɗaya, ta kuma yi mummunar ɓarna a Eyrarbakki. Mazauna suka duƙufa ga gina katangar duwatsu a bakin gaɓa, aka yi ta tsawaita ta a cikin ƙarni na 19. Wannan aiki na gayya alama ce ta cewa an samu al'ummar da ke ganin wurin a matsayin gida.

5.0 Shekarun Bunƙasa

A 1855, bayan doguwar fafutukar da Jón Sigurdsson ya jagoranta, aka buɗe cinikin Ayislan ga dukkan ƙasashe. Doka ta daina tilasta wa manomi zuwa Eyrarbakki, amma kogi da tsauni suna nan, haka nan bashi. Manomi kan karɓi hatsi da kofi da sukari a kan ulun shekara mai zuwa, kuma wanda sunansa ke littafin kanti ba ya samun sauƙin kai kayansa wani wuri. Ta haka kantin ya zama kasuwa da banki a lokaci guda. Daga 1868 zuwa 1919 kantin yana hannun gidan attajiri Lefolii na Kopenhagen, kuma manyan ɗakunan ajiyarsa da ake kira Vesturbúdin sun kasance cikin gine-ginen katako mafiya girma a ƙasar.

Tsakiyar bazara, bayan an yi wa tumaki sausaya, ita ce lokacin ayari. Manoma kan jera dawaki, kowanne an ɗaure linzaminsa a wutsiyar na gaba, da buhunan ulu a gefe biyu. Waɗanda suka fito daga gabas mai nisa sai sun ƙetare kogunan da ke gangarowa daga ƙanƙara, waɗanda zurfinsu ke sauyawa daga safe zuwa yamma. Idan sun iso sai su kafa tantuna a wajen gari, su jira layi na kwanaki kafin a auna kayansu. Wannan jira ya samar wa mazauna sana'o'i: masu sauke kaya daga jirgi, maƙera, kafintoci, masu gyaran sirdi, masu gasa burodi. Da hunturu kuma maza kan fita kamun kifi a kwalekwalen tuƙi ta tsakanin duwatsun nan masu haɗari. Da aka sassauta dokar barantaka a 1894, marasa gona suka samu damar zama a bakin teku, garin ya ƙara cika.

Tasirin garin ya wuce saye da sayarwa. Gudmundur Thorgrímsen, wanda ya shugabanci kantin na kimanin shekaru 40 daga 1847, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar firamare ta garin a 1852, wadda ita ce mafi daɗewa da har yanzu ke aiki a Ayislan. Ta Húsid ne kiɗan fiyano da littattafai da salon sutura da girkin Danmak suka riƙa shiga kudu. Ásgrímur Jónsson, ɗaya daga cikin magabatan masu zanen ƙasar, ya yi aikin yaron gida a garin yana matashi. Cocin garin, wanda aka buɗe a 1890, yana ɗauke da zanen da Sarauniya Louise ta Danmak ta yi da hannunta. Ta wannan ƙofa ce kuma labarin Amurka ya shigo: a 1870 wasu samari huɗu suka tashi daga Eyrarbakki zuwa tsibirin Washington da ke jihar Wisconsin, suna cikin na farko-farkon ƙaurar da ta kwashe dubban 'yan Ayislan zuwa Amurka da Kanada. A wajen 1920 mazauna garin sun kusa 1,000.

6.0 Musabbabin Koma-baya

A watan Satumbar 1891 aka buɗe gada a kan Ölfusá, a wani wuri mai 'yan gidaje da ake kira Selfoss, kimanin kilomita 12 daga teku. A 1895 aka gina wata a kan Thjórsá. Da farko gadojin ba su rage wa Eyrarbakki komai ba, gadar Thjórsá ma sauƙaƙa wa mutanen gabas zuwa ta yi. Amma da aka gyara hanyar Hellisheidi, keken doki sannan mota suka fara bin ta, sai ya zamana manomi na iya wucewa kai tsaye zuwa Reykjavík ta Selfoss ba tare da ya ratse zuwa bakin teku ba.

Sauran sauye-sauyen duk sun tafi ta fuska ɗaya. Jiragen ruwa masu tururi sun fi ƙarfin kwarurrukan Eyrarbakki, haka ma manyan jiragen kamun kifi masu jan koma da suka fara aiki daga 1905. Wayar tangaraho da ta iso ƙasar a 1906 ta ba dillalan Reykjavík damar yin odar kaya da kansu, ba sai ta hannun Kopenhagen ba. An kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, Eimskip, a 1914, aka kuma gina tashar zamani a Reykjavík tsakanin 1913 da 1917. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raunana hulɗa da Danmak. A 1919 gidan Lefolii ya sayar da kantin ga wata ƙungiyar gama-kai ta mutanen yankin, wadda ba ta yi shekaru masu yawa ba ta durƙushe.

Abin da ya rage na cinikin manoma Selfoss ce ta gaje shi. A 1929 aka buɗe masana'antar sarrafa madara ta manoman Flói a can, a 1930 kuma aka kafa ƙungiyar gama-kai ta gundumar Árnes. Madara kaya ce da ke bukatar mota kullum zuwa birni, saɓanin ulu da ke jiran jirgi sau ɗaya a shekara, don haka bakin gada ya fi mata bakin teku. Makomar gine-gine biyu ta nuna halin da garin ya shiga. Asibitin da aka fara ginawa a gefen garin bai taɓa karɓar majiyyaci ba, a 1929 aka mayar da shi gidan yarin Litla-Hraun, wanda ya zama mafi girma a ƙasar na tsawon shekaru. Ɗakunan ajiya na Vesturbúdin kuwa an rushe su a 1950.

Mazauna sun koma ga kamun kifi da jirage masu inji da sarrafa shi, aka kuma kashe kuɗi wajen gyara tashar. Sai dai Thorlákshöfn, da ke yammacin bakin Ölfusá, ta fi ta zurfi da kariya, kuma an faɗaɗa ta sosai bayan aman wutar Vestmannaeyjar na 1973. Da aka buɗe gadar Óseyri a bakin kogin a 1988, tafiya tsakanin garuruwan biyu ta koma ta 'yan mintuna, jiragen Eyrarbakki suka koma can, tasharta ta daina aiki. Karo na biyu ke nan gada a kan kogi ɗaya ta ɗauke wa garin sana'arsa.

7.0 Garin a Yau

A 1998 aka haɗe Eyrarbakki da Stokkseyri da Selfoss da wata gundumar karkara a ƙaramar hukumar Árborg, mai hedikwata a Selfoss, wadda mazaunanta sun haura 10,000. Da yawa daga mutanen Eyrarbakki suna aiki ne a Selfoss ko Reykjavík, ko a gidan yarin. Bayan ambaliyar Janairun 1990 an gina sabuwar katanga mai ƙarfi a bakin teku.

Koma-bayan ya bar wa garin gado guda. Da yake babu jarin da zai rushe tsoho ya gina sabo, ƙananan gidajen katako masu rufin kwano na tsakanin 1890 da 1920 sun tsira a jere a kan babban titi, alhali irinsu sun ɓace a garuruwan da suka ci gaba. Húsid ya zama gidan adana kayan tarihi na gundumar Árnes, akwai kuma wani na tarihin kamun kifi. Masu yawon buɗe ido da masu nazari suna zuwa ganin yadda garin kasuwa yake a ƙarshen ƙarni na 19.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin Eyrarbakki ya dogara ne ga rashin zaɓin manoman kudu. Da farko doka ce ta hana su zuwa wani wuri, daga baya kogi da tsauni da littafin bashi suka ci gaba da riƙe su. Dokar barantaka ta jinkirta zaman wurin gari har zuwa ƙarni na 19, ta yadda bai samu cikakkiyar damar girma ba sai 'yan shekaru kafin gada da mota da tashar Reykjavík su kawar da dalilin wanzuwarsa. Wannan ya nuna cewa a nazarin kowane garin fatauci, bai isa a lissafa kayan da ake saye da sayarwa ba. Ya kamata a tambayi abin da ke kawo mai kaya wannan kasuwa musamman, da wanda ke amfana da hakan, da kuma abin da zai faru ranar da aka buɗe masa wata hanya. A Eyrarbakki an buɗe hanyar a 1891, kuma cikin shekaru 40 cinikin manoma ya koma Selfoss da Reykjavík.